Baƙin rami da bakin rami: fashin baƙi kan abun da ake cewa zai haɗiye duniya

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura, mai shayi nata fifita gawayi, sai wani ƙanenmu ya miƙo waya yace ku kalli wannan, ashe bidiyo ne da ake ta turawa a WhatsApp, wani baƙin abu kamar bakin tukunya yana tahowa yana tsotse taurari ɗaya bayan ɗaya, can ƙarshe ya haɗiye duniyarmu ɗungurungum, ga wata murya a ƙasa tana cewa wai masana sun tabbatar ya kusa isowa. Wani dattijo da muke girmamawa ya cire tabarau ya dube ni yace Malam, kai da kake koya ma yara kimiyya, mine ne gaskiyar abun nan? Nace Baba, abun akwai shi, amma bidiyon ƙarya ne. Ban yi nisa da bayani ba aka kira magariba kowa ya miƙe, kuma tun ranar abun yake damuna, don na bar mutane da rabin magana, shi yasa na zauna na rubuta.

Zan fara da abun da yafi komi ruɗa mutane: baƙin rami ba ya zuƙa. Ba injin tsotsa bane, ba ya farautar kowa, kuma ma ba rami bane irin wanda muka sani, wato wajen da aka ƙwaƙule babu komi a ciki. Akasin haka ne, waje ne da aka cusa kaya masu yawan gaske a ɗan ƙaramin fili. Ƙarfin jan da yake dashi shine dai irin wanda ke dawo da mangwaro ƙasa idan ya tsinke, wanda 'yan makaranta ke ce ma girabiti, ba wani sabon ƙarfi bane na daban.

Ka ɗauki dutse ka jefa sama, zai dawo. Ka ƙara ƙarfi zai ƙara nisa amma dai zai dawo. Sai in ya bar hannunka da gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa guda sannan zai kuɓuce ma duniya. To wannan gudun kuɓutar ya danganta da abu biyu, yawan nauyin abun da ke jan ka, da kuma kusancinka da tsakiyarshi. Idan aka bar nauyin duniya yadda yake amma aka matse ta tana ƙanƙancewa, kai da kake tsaye a bayanta kana ƙara kusantar tsakiya, gudun da kake buƙata yana ta hawa, har a kai inda ko haske, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, wanda babu abun da ya fishi sauri, ba zai iya fita ba. Ga duniyarmu sai an matse ta, da duwatsunta da tekunanta da mu duka, ta koma kamar ɗiyan magarya guda, faɗin da bai kai santimita 2 ba. Ita kuwa rana sai ta koma dunƙulen da daga tsakiyarshi zuwa gefe kilomita 3 ne, wato zata zauna a cikin garin Katsina har a samu ragowar fili. Wani limamin coci kuma masani a Ingila, John Michell, tun 1783 ya kawo wannan tunanin na tauraron da haskenshi ba ya iya barinshi, aka manta da maganar sama da shekara ɗari.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya riƙe. Da ace rana zata koma baƙin rami yau da azahar, da nauyinta yadda yake, mi zai faru damu? Bayan minti 8 da 'yan daƙiƙu gari zai yi duhu, sanyi ya biyo baya, shuka ta mutu, wannan kam bala'i ne. Amma duniya ba zata matsa ko taku ɗaya wajen ramin ba, zata ci gaba da zagayenta na kwana 365 kamar ba abun da ya faru, don nauyin da ke riƙe da ita bai ƙaru ba kuma nisan bai ragu ba. Ita ma ranar ba zata taɓa zama haka ba, nauyinta bai kai ba, sai tauraron da ya ninka ta wajen sau 20 ko fiye, shine idan makamashin cikinshi ya ƙare cibiyarshi ke rubzawa a kan kanta ba abun da zai tare ta.

To amma hoton jifan dutse nan ya tsaya, daga nan sai an shigo da masanin kimiyyar nan Ainstain. A 1915 ya kawo bayanin da ya sauya komi, yace sarari da lokaci ba fili bane kawai da abubuwa ke wucewa a cikinshi shi yana zaune, saƙa ɗaya ce kamar zaren tsaye da na kwance a jikin zane, kuma duk abu mai nauyi yana lanƙwasa wannan saƙar, su kuma abubuwan da ke tafiya suna bin hanyar da ta fi miƙewa a cikin lanƙwasar. Wata na zagaya duniya ba don an ɗaure shi da igiya ba, hanyar ce a wajen ta karkata. 'Yan makonni bayan haka, Karl Schwarzschild, Bajamushe da ke aikin soja a yaƙin duniya na ɗaya, ya warware lissafin ga dunƙule guda, a cikin amsarshi ne iyakar da in an wuce ta ko haske ba ya fita ta ɓullo, a 1916 aka buga aikin kuma a shekarar ya rasu.

A aji nakan kawo zanin gado daga gida, yara huɗu su riƙe kusurwoyi su ja ya miƙe, in ɗora ɗan dutsen niƙa a tsakiya ya lotsa, sai in gangara lemon tsami ta gefe. Lemon sai ya kasa tafiya kai tsaye, ya kewaya dutsen sau biyu ko uku sannan ya faɗa kusa dashi, yara suyi ta ihu suna a sake. Wata rana wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu tace Malam, ai lemon yana gangarawa ne saboda ƙasa na jan shi ta ƙarƙashin zanin, to a can sama mi ke jan shi? Wallahi naji daɗin tambayar nan har cikin raina, don ta kama ainihin inda misalin ya gaza. Zanin yana nuna lanƙwasar wuri ne kaɗai, ya bar lokaci a waje, alhali faɗuwar da muke gani kullum, ta mangwaro da ta dutse, kusan dukanta daga lanƙwasar lokaci take.

Ma'anar haka itace agogo yana tafiya a hankali a kusa da abu mai nauyi, yana sauri idan yayi nesa dashi. Ba lalacewar agogo bane, lokacin ne kanshi. Wanda ya hau hasumiyar Gobarau lokacinshi yana ɗan fi na wanda ke tsaye a gindinta sauri, bambancin ƙanƙane ne ƙwarai ba mai jin shi, amma an auna irinshi da agogunan atam masu matuƙar daidaito. Kuma duk mai buɗe taswira a waya yana cin moriyar wannan lissafin bai sani ba. Taurarin ɗan adam na GPS suna can sama wajen kilomita 20,000, agogunansu suna wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, da ba a gyara wannan ba kuskuren inda kake zai riƙa taruwa wajen kilomita 10 kullum, kafin sati ya zagayo kana Katsina wayarka na neman kai ka Daura. Abu idan an sake shi yana karkata ne wajen da lokaci yafi tafiya a hankali, faɗuwa kenan.

Haske ma bai tsira ba. Waɗanda suka yi wayo a 2006 zasu tuna husufin ranar Laraba 29 ga Maris, da hantsi gari yayi duhu a nan Katsina, kaji suka nufi akurki, aka fita sallah. Irin wannan duhun masana suka jira a ranar 29 ga Mayu 1919, ayari ɗaya ƙarƙashin Arthur Eddington a tsibirin Principe da ke cikin teku kudu da Najeriya, ɗaya a Sobral ta ƙasar Birazil, suka ɗauki hoton taurarin da ke daf da rana lokacin da wata ya rufe ta, aka ga sun ɗan gusa daga inda aka san su, wato hasken nasu ya lanƙwasa da ya zo wucewa ta gefen rana. Rana ɗan kaɗan take lanƙwasa shi. A kusa da baƙin rami kuwa akwai nisan da haske kan iya zagaya ramin ya dawo inda ya taso, wanda a lissafi in kana wajen zaka iya hango ƙeyarka.

Hausa ta yi mana gata a nan, don lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba baƙin rami da bakin rami, kuma duk sirrin yana bakin ne. Wannan bakin, iyakar da in an wuce ba a dawowa, ba bango bane, ba ƙasa bace da zaka taka, babu alama ko ɗaya a wajen. Ka ƙaddara kana cikin kwale-kwale a kogin da ke ƙara gudu yana nufar gangare, kai kuma akwai iyakar ƙarfin tuƙinka. Can sama in ka juya ka tuƙa zaka koma gida. Kana matsowa ruwan na ƙara sauri, har a iso inda gudun ruwan yayi daidai da iyakar ƙarfinka, nan ko ka tuƙa iya rai tsaye kake waje ɗaya, taku ɗaya gaba kuwa duk tuƙin da kayi gangaren zaka. Ruwan wajen bai sauya launi ba, ba wanda ya shata layi. A baƙin rami sararin ne ke yin aikin ruwan, matuƙin da yafi kowa ƙarfi kuma shine haske.

Abun da yafi ɗaure mani kai, kuma duk shekara in na zo koyar dashi sai tsigar jikina ta tashi, shine abun da lissafin ke cewa game da ciki. Da zarar an wuce bakin, tsakiyar ramin ta daina zama wani waje da ke gabanka wanda zaka iya juya ma baya, ta zama kamar gobe. Ko ka fuskanci gabas ko yamma, ko ka zauna ko ka ruga, gobe tana zuwa. Haka duk hanyoyin da ke cikin ramin suke, kowace ka bi can take kai ka. Shi yasa batun a samu roka mai ƙarfi a fito bai taso ba, kamar mutum ne yace zai sayi mota mai gudu ya koma jiya. Masanin lissafi Roger Penrose ne ya nuna a 1965 cewa in dai bayanin Ainstain daidai ne, to rubzawar tauraro ta wuce wani mataki dole ta ƙare a irin wannan cibiyar, inda lissafin kanshi yake tsayawa ya kasa ba da amsa.

Sai mu ɗauka mutum biyu ne, aminan juna, ɗaya ya tsaya nesa ɗaya ya nufi ramin da tocila a hannu, sun yi alkawari zai riƙa haska ta duk daƙiƙa guda. Na nesa da farko yana ganin walƙiyar daidai, sai ta fara jinkiri, daƙiƙa biyu, minti, awa, hasken kuma yana rinewa daga fari zuwa ja yana dushewa, don yana ɓarar da ƙarfinshi wajen haurowa. Zai ga abokin nashi kamar yana rage gudu, kamar ya maƙale a bakin, har ya dushe ya ɓace ma ido, ba zai taɓa ganin shigarshi ba. Shi kuwa mai faɗawar a wajenshi ba abun da ya sauya, agogonshi na bugawa daidai, zuciyarshi haka, yana haska tocila duk daƙiƙa yadda aka yi alkawari, ya wuce bakin cikin ƙanƙanen lokaci. Mutane kan tambaye ni to wa ke da gaskiya cikinsu. Dukansu. Babu wani babban agogo guda da aka rataye ma halitta duka wanda kowa zai duba, kowa da nashi lokacin gwargwadon inda yake da yadda yake tafiya, kuma wannan ba a wajen ramin kaɗai ba, ko nan tsakanin mu haka ne, ramin dai ya fito da abun fili ne ya girmama shi.

Jikin mai faɗawar fa? In ƙafa ce a gaba, ƙafar ta fi kai kusa da ramin don haka ana jan ta fiye da kan, ta gefe da gefe kuma ana matse shi, sai ya riƙa tsawo yana sirancewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai taliyar murji ta saka curin ƙullu a inji tana juya hannu yana fitowa zare zare ya gane abun da ake nufi. Irin wannan bambancin jan ne wata keyi ma teku har ruwa ya cika ya janye, sai dai na wata mai sauƙi ne. Abun mamaki ƙaramin rami yafi babba mugunta ta nan. Mai nauyin rana 10, wato wanda ya ninka rana nauyi sau 10, wanda faɗinshi gaba ɗaya wajen kilomita 60 ne, bai kai daga nan zuwa Daura ba, zai yayyaga mutum tun yana nesa da bakin. Amma ƙato mai nauyin rana miliyoyi, lanƙwasar bakinshi a shimfiɗe take, mutum zai ƙetare lafiya lau bai ji komi ba, sai can ciki. A wanda ke tsakiyar galaksinmu, wato tarin taurarin da ranarmu ke ciki, lissafi na ba shi kamar minti guda daga baki zuwa cibiya.

Yanzu mu dawo kan zuƙar nan, don a nan ne bidiyon yafi yin ƙarya. Faɗawa baƙin rami abu ne mai wuya ƙwarai. Ƙofar ƙarama ce, sarari kuma faɗi gare shi, kuma komi a sama yana tafe ne da gudunshi na gefe, to sai dai yazo ya kewaya ya wuce ko ya kama zagaye. Iskar gas da ƙura da suka matso ba sa zubawa kai tsaye, suna taruwa su zama faifai mai juyawa kewaye da ramin, na ciki yafi na waje gudu, suna gogar juna, gogayyar tana rage masu gudu kaɗan kaɗan suna matsawa ciki, tana kuma haifar da zafi na fitar hankali, a kusa da ƙananan ramuka miliyoyin digiri, har faifan ya riƙa fitar da hasken eksire irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi dashi a asibiti. Ta haka aka kama na farko da masana suka yarda dashi, Cygnus X-1, wanda aka fara jin eksire ɗinshi a 1964, yana da nauyin rana wajen 21, yana zagaye da wani ƙaton shuɗin tauraro yana cin iskar da ke kwararowa daga jikinshi.

Ka duba wannan lissafin. Rana da duk zafin da take gasa mu dashi a watan Afrilu, cikin iskar haidirojin da take ƙonawa abun da ke komawa makamashi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, 0.7 ne. Faifan baƙin rami yana iya maida wajen kashi 6 cikin 100 na abun da ya faɗo zuwa haske, in kuwa ramin mai juyawa ne da matuƙar sauri abun kan kai wajen kashi 40. Wato abun da yafi komi duhu shine ke kunna fitilun da suka fi komi haske. A 1963 Maarten Schmidt ya auna wani ɗigon haske da ake ce ma 3C 273 wanda ake zaton tauraro ne, ya gano yana can nisan tafiyar haske ta shekara sama da biliyan 2, kuma haskenshi ya fi na galaksinmu duka da taurarinshi, irinsu ake kira kwasa, kuma injin da ke cikinsu ƙaton baƙin rami ne yana cin abinci. Cin ma yana da iyaka, don idan abincin yayi yawa hasken da faifan ke fitarwa sai ya riƙa tunkuɗe sauran da ke tahowa. Wani kason kuma ba ya shiga sam, ƙarfin maganaɗisu da ya nannaɗe a faifan yana kama shi ya harba ta sama da ta ƙasa kamar ruwan tiyo, da gudun da ya kusa na haske, na galaksin M87 tsawonshi ya kai tafiyar haske ta shekara wajen 5,000, tun 1918 aka hango shi ba a san mine ne ba.

Juyawar da na ambata ita ma tana da nata aikin. Roy Kerr ɗan ƙasar Niyuzilan ne ya fitar da lissafin rami mai juyawa a 1963. Idan uwargida na tuƙa tuwo, ba muciya kaɗai ke juyawa ba, talgen da ke kewaye da ita ma bin ta yake. Haka ramin ke jan sararin da ke kewaye dashi yana juyawa tare dashi, har akwai wani yanki a wajen bakin inda tsayawa waje ɗaya ba zai yiwu ba ko da wane irin inji, dole ka bi juyin, duk da har lokacin kana iya fita.

Bayan ya haɗiye abu kuma, ba ya barin shaidar mi ya ci. Ko ƙarfe ne ko ruwa ko tauraro, daga waje abu uku kawai zaka iya aunawa, nauyinshi, juyinshi, da cajin lantarkin da ke jikinshi. Masanin kimiyya Stiben Hokin a 1974 ya nuna cewa idan aka haɗa da dokokin ƙananan ƙwayoyin halitta, ramin yana ɗan fitar da ɗumi yana ramewa a hankali, amma a hankalin nan ba wasa bane, mai nauyin rana zai ɗauki shekarun da sai ka rubuta 1 ka jera mata sifili 67, kuma har yau ba a auna wannan ɗumin ba.

Dattijon nan namu da na sake haɗuwa dashi jiya a masallaci tambayarshi ɗaya ce, yace to Malam abun da ba a gani, ya akai aka san yana nan? Nace Baba, kamar yadda ake sanin akwai turke idan aka ga akuya na kewaya waje ɗaya cikin duhu. Ayari biyu, na Reinhard Genzel daga Jamus da na Andrea Ghez daga Amurka, sun shafe shekaru tun wajen 1990 da 'yan kai suna bin taurarin tsakiyar galaksinmu, akwai wani da ake ce ma S2 da ke kammala zagaye duk shekara 16, a 2018 da yazo mafi kusa gudunshi ya wuce kilomita 7,000 a daƙiƙa, yana kewaya wajen da ba a ganin komi. Lissafin zagayen ya ba da nauyin rana miliyan 4 a cushe a ɗan fili, shine Sagittarius A*, nisan tafiyar haske ta shekara wajen 26,000 daga nan. Su biyun da Penrose suka raba kyautar Nobel ta 2020.

An kuma ji motsinsu. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO guda biyu a Amurka, kowace da hannaye biyu masu tsawon kilomita 4, suka kama wata girgiza da bata wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Ramuka biyu ne, mai nauyin rana 36 da mai 29, suka yi ta kewaya juna har suka haɗe suka zama ɗaya mai nauyin 62. In ka tara 36 da 29 zaka samu 65, to ina 3 suka tafi? Sun koma kaɗawar sararin kanshi, kamar yadda ruwan tafki ke yin zobe zobe in an jefa dutse, kaɗawar tayi tafiyar shekara wajen biliyan 1.3 ta ratso duniya, ta miƙar da hannayen na'urar ta matse su da abun da ya fi ƙwayar furoton da ke cikin atam ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Ta ratsa mu ma a ranar, muna ta hidimominmu. Sai hoto ya biyo baya ranar 10 ga Afrilu 2019, zoben nan mai launin garwashi da baƙi a tsakiya da ya zagaye Facebook, na M87 ne, nauyin rana biliyan 6.5, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 55, teleskof 8 a wurare daban daban na duniya aka haɗa suka yi aiki kamar ido ɗaya, kuma zoben hasken gas ne da ramin ya lanƙwaso, baƙin tsakiyar inuwarshi ce. Na galaksinmu ya fito ranar 12 ga Mayu 2022.

Ƙanen namu mai waya shi damuwarshi wanne yafi kusa damu. Cikin waɗanda aka gano zuwa yanzu, mafi kusa shine Gaia BH1 da aka sanar a 2022, nisan tafiyar haske ta shekara wajen 1,560, nauyinshi kusan rana 10. Kuma yadda aka gano shi ya isa amsa ga mai bidiyon. Ba ya fitar da eksire, ba faifai, ba ya cin komi. Wani tauraro ne mai kama da ranarmu aka ga yana tangaɗi a sama, da aka bi sawu ashe zagaya wani abu yake da ba a gani, a tazarar da bata fi ta rana da duniyar Mars ba, duk kwana 186 yana kammala zagaye ɗaya ya sake kama wani.